Gaisuwa Ta Bayan Katanga

Fasto na tsakiyar addu'a a kan gawar Baba Narcisse, sai na'urar tace iskar da ke gindin gadonsa ta kunna kanta. Wata mata ta miƙa hannu ta kashe, jim kaɗan ta sake tashi da gurnaninta. Ina tsugune a bakin ƙofa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, domin aikina ne.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a Garwa. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a injin gurzar auduga na Pitowa, ya dawo da ƙirji mai kukan tsohuwar ƙofa. 'Yarsa Christelle ta aiko masa da na'urar daga Turai, manhajar wayar da ake sarrafa ta da ita kuwa ta ce ba ta san wata ƙasa Kamaru ba. Ni mai gyaran kwamfuta ne, da ɗan son a sani. Na haɗa ta da intanet ɗin gidana, ina rubuta mata umarni a baƙin allon kwamfuta daga ɗakina, tana bi. Ranar farko Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce ashe maƙwabcin nasa Kamilu boka ne.

Sai dai tsohon ya cika kashe ta. Da farko nakan zagaya in yi masa mita, ya sa a kawo mini shayi, mu yi ta hira. Da aiki ya yi mini yawa, na rubuta 'yan layuka: duk sanda aka kashe, ta ta da kanta. Na yaba wa kaina da wannan dabara. Tun kafin damina ban ƙara taka ɗakinsa ba, in na ji tarinsa ta bayan katanga sai in ce gobe.

Wani ƙanen mamacin ya tashi a fusace zai zare wayar daga bango. Mama Thérèse, matar Baba, ta riƙe masa hannu.

"Bar ta, Barthélemy. Kamilu ne." Ta share ido da bakin zane. "Da gangan Narcisse yake kashewa. Sai ya kwanta yana jira, in ta tashi ya ce, 'Kin ji, Thérèse? Yaron nan yana sane da ni.' Ko shekaranjiya da numfashi ya yi wuya, shi da kansa ya danna. Da ta amsa ya ce, 'Voilà, yana nan.'"

Mutane suka shiga sa mini albarka, wani da Fulatanci, wani da Faransanci. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

A nan ne Mama ta waiwayo ta gan ni. Ta dubi na'urar tana ta aiki, ta dubi hannuwana, babu waya babu kwamfuta, sai hulata da na cukuikuye. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗan gusa a kan tabarma, ta bar mini wuri kusa da ƙafafun Baba.