Inda Za A Ajiye Uberlinda

"Ki ji su dai. Tun da gari ya waye suke buga guduma kamar a tsakiyar kaina. Mutum na nan yana neman numfashi, su kuma gyaran fadarsu suke yi," in ji tsohuwa Uberlinda daga kan gado.

"Buɗe baki," in ji Fresia.

"Ba gishiri a miyar nan."

"Likita ya hana. Buɗe baki, Sinyora Uberlinda, yarana sun kusa tasowa daga makaranta, ko tukunya ban ɗora ba."

Tsohuwar ta karɓi cokali ɗaya na romon kaza da kabewa, ta tauna shi kamar da shi take faɗa. Tun farkon sanyin nan da ta zame a matakala ba ta ƙara taka ƙasa ba. Tana hawa na uku, Fresia tana ƙasanta daidai, shi ya sa ko tari tsohuwar ta yi a kan Fresia yake sauka. 'Yarta ɗaya ce, Marcela, tana can arewa a Calama tana wanke-wanke a gidan abincin masu haƙar ma'adinai. To wa zai hau da kwano? Fresia ce, ba don tsohuwar tana da daɗin zama ba, sai don Allah yana gani.

Gudumar kuwa daga zauren unguwa take fitowa. Bara ƙaramar hukuma ta ce ƙungiyoyin maƙwabta na gidajen gwamnati su kawo aikin da suke so, za a ba da tallafi, amma aiki ɗaya tak. Uberlinda ta ce matakala, don duk ta ci tsatsa, ƙarfen riƙewa ya karye, tsofaffin sama sun zama fursunoni. Gladys, shugabar ƙungiya, ta ce zaure, don yara su sami wurin karatu, mata su sami wurin ɗinki. Aka ɗaga hannu, zaure ya ci. Nan take Uberlinda ta miƙe a gaban matar da hukuma ta aiko, ta nuna Gladys da sanda, ta ce ɓarauniya ce, surukinta za ta ba kwangila su raba. Ba gaskiya ba ne, amma maganar ta zaga duk yankinsu na Puente Alto, har a makaranta aka riƙa kiran 'yar autar Gladys 'yar ɓarauniya. Tun ranar ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba.

"Ke ma na ga hannunki," in ji Uberlinda. "Kin ɗaga shi can bayan matar mai burodi, kina tsammanin makauniya ce ni."

"Na ɗaga. Yara uku gare ni a ɗaki biyu. Haɗiye."

"Munafuka."

"Na ji. Saura cokali biyu."

Tsohuwar ta ture kwanon, ta kama wuyan hannun Fresia. Yatsun sun zama ƙashi amma da sauran ƙarfi.

"In na mutu, a nan za ku yi zaman makokina. Nan, gaban hoton Budurwa Maryamu da ke ɗakina. Duk wanda ya kai ni ɗakin ɓarayin can, sai na dawo na ja masa ƙafa."

"Ki mutu tukuna, sai mu ga yadda za a yi," in ji Fresia, ta gyara mata bargo, ta rage wa murhun kananzir wuta, ta sauka.

Kwanakin da suka biyo baya tsohuwar ta rage zagi, abin da ya tsorata Fresia ke nan. Ta daina cewa ba gishiri. Ta daina buga sanda a ƙasa in yaran Fresia sun kunna rediyo. Fadan coci ya zo ya shafa mata man addu'a, ta ce masa ya yi ƙiba, daga nan ba ta ƙara wata doguwar magana ba. Ranar Alhamis da safe, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Fresia ta hau da shayi da burodi ta same ta kwance ta gefe, carbi a hannu, baki a ɗan buɗe kamar akwai wanda ta so ta gaya wa magana ba ta samu ba. Fresia ta ajiye kofin, ta rufe mata ido, ta ɗaure mata haɓa da ɗankwali, ta yi addu'a. Sannan ta kira Marcela, wadda ta yi kuka ta ce motar farko za ta hau, amma ba za ta iso ba sai gobe da rana. Ta ce, "Maƙwabciya, ki yi mata yadda ya kamata, don Allah kada ta kwana ita kaɗai."

Da azahar masu akwatin gawa suka zo da farar motarsu, mutum biyu. Suka ɗauki akwatin suka nufi matakala, a kwanar farko suka tsaya. Shekarun baya Uberlinda ta yi wa gidanta ƙarin ɗaki a waje, rataye a sama, aka tokare shi da dogayen ƙarafa har ƙasa, ɗaya kuwa ya ratsa daidai wannan kwanar. Mutum yana wucewa, katifa tana wucewa in an lanƙwasa ta. Akwati ba ya lanƙwasuwa. Suka karkata shi, suka tayar da shi tsaye, suka goge masa fenti a gefe.

"Wane mahaukaci ya dasa ƙarfe a nan?" in ji babban.

"Marigayiyar," in ji Fresia.

"To ai ta rufe wa kanta hanya. Sai dai mu sauko da ita a bargo, ku nemi wuri a ƙasa."

Haka aka yi. Hernán mijin Fresia ya kama gefe ɗaya, aka sauko da Uberlinda a bargonta mai ruwan toka, ba nauyi ko kaɗan, mata suna leƙe ta tagogi suna yin alamar gicciye. Aka sa ta a akwati cikin motar. Direban ya ce suna da wata gawar a unguwar La Pintana kafin yamma, motar ba tasu ba ce ta kamfani ce. Ɗakin makokin kamfanin yana can tsakiyar gari, kuma ba irin kuɗin mutanen bene ba ne. Ƙaramin cocin unguwa kuwa tun ruwan bara rufinsa ya zube.

Fresia ta ƙwanƙwasa ƙofar hawa na ƙasa. Nolvia ta buɗe iya fuskarta.

"Allah ya ji ƙanta," in ji Nolvia, "amma ba a falona ba. Kin ga tagar nan? Tun da ta dasa ƙarafanta rana ba ta ƙara shigowa gidana ba. Na yi magana ta watso min ruwan wanki. Yanzu kuma in ba ta shayi?"

"Ba ta shan shayi yanzu, Nolvia."

"Masu zuwa za su sha."

Ƙofa ta biyu suka ce jariri gare su. Ta uku ba a ma buɗe ba, alhali talabijin na ta magana a ciki. Fresia ta tsaya a tsakar gida ruwa yana bin wuyanta. Hernán ya dube ta, ya dubi zauren. Ita ma ta san saura wuri ɗaya. Ta waiwaya wajen motar ta ce a ranta, ki ja ƙafata in kin ga dama, tsohuwa, a titi dai ba zan bar ki ba.

Zauren ya sha farin fenti, an rataya jan zare a bakin ƙofa, gobe da safe manyan hukuma za su zo su duba aiki su yanka shi. Gladys tana ciki ita kaɗai a kan kujerar roba, takalmanta a waje, tana hura balan-balan tana tarawa a kwali. Ita ce ta riƙe babbar 'yar Fresia ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna komadre.

"Tsaya nan, komadre, ƙafarki duk laka ce."

Fresia ta tsaya a bakin zaren. "Kin ji abin da ya faru."

"Na ji. Na yi mata addu'a ma, kada ki ce ban yi ba."

"Akwatin bai hau ba."

"Na gani ta taga. Wa ya aike ta gini a kan hanyar mutane?"

"Gladys."

"Kada ki Gladys ɗina. Na san abin da ya kawo ki, kuma kin san dokar. Ba a amfani da wurin sai sun zo sun karɓi aiki. Su shigo gobe su tarar da gawa, da kakin kyandir a ƙasa, da mazan nan naku suna busa taba a lungu? Matar hukuma ta riga ta rubuta mu a matsayin unguwar rigima, albarkacin wa? In muka faɗi gobe, ba za su ƙara kallon takardarmu ba. Kin san abin da za mu nema a zagaye na gaba? Matakala. Matakalarta. Akwai tsofaffi a sama da ba su mutu ba tukuna."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Ni ce na yi ta zarya ofis-ofis da kuɗin motata, na bar abinci a wuta, mijina ya ce in zaɓa ko shi ko ƙungiya. Ita tana zaune a sama tana tofa min yawu. 'Yata ta dawo gida tana kuka, ta tambaye ni, Mama, da gaske kin yi sata? Ke kika amsa mata? Kuma duk benen nan ya ji abin da ta ce miki, bangon ba kauri gare shi ba. Ɗakin ɓarayi. To ɓarauniya tana girmama wasiyya."

"Bakin da ya faɗa na ɗaure shi da hannuna ɗazu," in ji Fresia. "Ba zai ƙara faɗa ba. Ni ma ta zage ni, har ranar Lahadi ta zage ni ina wanke mata ƙafa. Ban zo in ce miki mutuniyar kirki ba ce. Mai baƙin hali ce, Allah ya yafe mata. Amma Kirista ce, kuma 'yarta tana cikin mota."

"Ki kai ta gidanki."

"Ta kwanar matakalar nan ake hawa gidana kamar nata, akwatin ba zai wuce ba, kin sani."

A waje direban ya danna hon sau biyu. Fresia ta ji an buɗe bayan motar, ta ji Hernán yana cewa su dakata, su dakata mana, kada su sauke akwatin a ruwa, bari ya je ya samo leda a rufe shi.

Gladys ta ɗauki wani balan-balan ta sa a baki ta fara hurawa, idonta a kan bango.

"Kusurwar can kawai, komadre," in ji Fresia. "Ba kyandir, in kyandir ne matsalar. Ni zan tsaya a ƙofa, duk mai taba ya sha a waje. Kafin manyan su iso mun fitar da ita, ko a ƙarƙashin matakala ne mu jira Marcela. Zan goge ƙasan nan da gwiwoyina. Ki ɗaga min zaren nan, don girman Allah."

Gladys ta cire balan-balan ɗin daga bakinta. Ba ta ɗaure shi ba, ba ta dubi ƙofa ba. Yana nan tsakanin yatsunta, ja, rabin cika, iska tana fita daga cikinsa a hankali.