In An Buɗe Boda

"Malama, sake faɗi," in ji Luba. "Wacce ce ta abin da ka iya faruwa?"

Tana kishingiɗe a tabarma ƙarƙashin rumfar ɗakinta, ƙafafunta a kumbure bisa filo. Ni kuwa dawowata ke nan daga makaranta, ko alli ban wanke daga hannuna ba. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a Magama, gab da shingen boda. Turanci nake koyarwa a sakandare, ita kuma haifaffiyar Maraɗi ce, aure ya kawo ta Jibiya. Faransanci ta yi a lakwal, wato makarantar bokon Nijar, shi ya sa tun bara ta roƙe ni in riƙa koya mata Turanci da la'asar, don tana son shiga makarantar ungozoma. Ciwon ƙoda ya kwantar da ita, amma ta ƙi barin darasi.

Na ce, "Jimlar sharaɗi iri-iri ce. Ta farko ta abin da ake sa rai ce, kamar 'in' ɗinmu na Hausa. If it rains, we will plant, wato in an yi ruwa za mu yi shuka. Ta biyu kuwa ta buri ce kawai, abin da ba a sa ran samu. Ba ni misali da ta farko."

Ta saurari hayaniyar direbobi a waje. A daminar ce aka rufe boda bayan juyin mulkin Nijar. Manyan motoci sun yi layi a bakin titi, albasa na ruɓewa a cikinsu, warin na shigo mana har ɗaki.

"If the border opens, my mother will come."

"Daidai ne."

Ta yi murmushi. "To Allah shi sa. Innata ta ce ko yau aka buɗe, motar farko za ta shigo."

Masu ƙarfi suna ƙetarowa ta daji a kan babur. Amma innar Luba tsohuwa ce mai ciwon baya, ga tsoron ɓarayin daji. Luba da bakinta ta hana ta a waya.

Mijinta Abdulfatah ya riƙa kai ta Katsina wankin ƙoda, tana dawowa a galabaice. Numfashinta ya fara nauyi, abinci ba ya zama. Wata Laraba na shiga da kunu, na tarar an mayar da ita cikin ɗaki, 'yarta Mufida na wasa da murfin kwano a gefen katifa.

Ta ce, "Malama, yau ba karatu?"

"Ki huta dai, Maman Mufida."

"A'a, saurara." Ta haɗiye yawu da ƙyar. "If the border opened, my mother would come."

"Kin koma ta biyu ke nan."

"Na sani. Ai ke kika koya mani."

Na shiga gyara mata mayafi.

"Akwai ta uku?"

"Akwai. Ta abin da ya riga ya wuce ce. Sai kin samu sauƙi."

"To," ta ce, ta lumshe ido.

Ranar Juma'a da hantsi ta cika, kanta bisa cinyata. Bayan an sauko daga masallaci aka kai ta.

Da la'asar muna zaune a tsakar gida, wata baƙuwa tana cewa da an gano ciwon da wuri, da ba a kai ga haka ba, sai babur ya tsaya a ƙofa. Wata tsohuwa ta shigo a duƙe, zanenta duk taɓo, da ƙullin magani a hannu. Tun asuba ta baro Maraɗi, ba ta gaya wa kowa ba, ruwa ya tsare su a daji ita da mai babur. Ta dubi matan da suka cika gidan, ta dubi Abdulfatah. Ba ta tambayi kome ba.

"Inna," ya ce yana kuka, "da na aika tun..."

"Bari, ɗana. Bar faɗin 'da'. Allah shi jiƙanta."

Ta ajiye ƙullin a gindin randa, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin. Can ta jawo Mufida tsakanin ƙafafunta, ta fara tsefe mata kitson da ya tsufa, a hankali.