Shaidun Ƙasimu Mai Zayyana

"Allah gafarta Malam, a ɗan matso, rawanin Mai Unguwa bai shiga ba," in ji Hinda matar Ƙasimu, tana gyara salular da ta jingina a jikin buta.

Liman ya matso. Mai Unguwa ya rage tsawo, ya kakkaɓe babbar rigarsa wadda rabonta da fitowa daga adaka tun sallar layya. Manzo dillali ne a tsakiya, don shi ya tara su a tsakar gidan maƙwabcinsa Ƙasimu, shi kuma ya sayi goron da ke kumatunsu. Ya yi gyaran murya, ya dubi ɗan gilashin nan kamar mai duban alƙali.

"Salamu alaikum, Madam Silbi. Ina wuni, ina gajiya, ina yara? Ni ne Manzo, dillalin shanu a kasuwar Dungas, kowa ya san ni har Magariya. Ga limaminmu, ga mai unguwarmu. Mun zo shaida ne a kan Ƙasimu mai zayyana, wanda kuka rubuta wa sata. Wallahi ba ɓarawo ba ne. Katangarmu ɗaya da shi. Ko kazata ta yi ƙwai a gidansa sai ya aiko min da shi."

Liman ya karɓa. Ya ce shi ya koya wa Ƙasimu riƙon alƙalami, ya ce da idonsa ya ga yaron yana dafa tawada da ƙaro, yana fitar da zanen da ake magana a kai, kusurwa bayan kusurwa. Ya kawo ayoyi a kan shaidar zur, ya yi addu'a mai tsawo. Mai Unguwa kuwa ya ce shi dai tunda aka naɗa shi ba a taɓa kawo masa ƙarar Ƙasimu ba, in ban da ta raƙuminsa, shi ma da aka bincika ba shi da raƙumi.

Daga cikin ɗaki aka ji tari, sannan 'yar siririyar muryar Ƙasimu ta ce, "Baba Manzo, a gaya mata ina da takardun farko, waɗanda na ɓata. Ɓarawo ba ya da na ɓatawa."

"An gaya mata, ɗan nan. Kwanta."

Ga yadda abin ya faro. Ƙasimu mai zayyanar allo ne, irin wanda ake yi wa yaro in ya sauke karatu. Da aikin ya ja baya, sai wani abokinsa da ke Damagaram ya nuna masa wata kasuwa a cikin salula. Mutum ya buɗe shafinsa, ya baza aikin hannunsa, mutane daga ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba su yi masa odar zane: wani sunan amaryarsa cikin ado, wani kan sarkin da zai buga a riga. Ƙasimu ya zana a takarda, ya ɗauki hoto, ya tura. Masu kasuwar su riƙe kuɗin, su cire nasu, su sako masa saura. Da ya yi wa Manzo bayani, dattijon ya ce, "Ai wannan dillanci ne, la'ada suke ci. Sana'armu ce ta hau sama." Har yana jin masu kasuwar kamar abokan aikinsa ne da ba su taɓa haɗuwa ba. Da wannan aiki Ƙasimu ya rufa ɗakinsa da kwano, ya sayi pano, faifan nan mai ba da wuta da hasken rana, kuma duk wanda ya yi wa aiki sai ya bar masa taurari a ƙarƙashin sunansa, shaidar cewa ya gamsu.

Cikin bazara wani kiliyan, wato mai odar zane, ya ba shi babban aiki. Lokacin ciwon hanta ya fara taɓa shi, idonsa ya yi ɗorawa, amma ya zauna a kan aikin har ya kammala. Mutumin ya karɓa, ya yi godiya har da hoton tafi. Bayan 'yan kwanaki sai ya kai ƙara wai zanen na wani ne aka kwafo. Masu kasuwar ba su tambayi Ƙasimu komai ba. Suka maida wa mutumin kuɗinsa, suka rufe shafin, suka rubuta da jan rubutu a saman sunansa cewa ya sayar da aikin da ba nasa ba.

Ranar da Manzo ya ji labarin sai da ya ajiye kofin shayinsa.

"To, ya maido zanen?"

"Ba a maidowa, Baba. Ya riga ya sauke a wurinsa."

"Tsaya. Ni na tsufa a kasuwa. Na sayar da shanu a Guci, na sayar a Maigatari, na yi dako a Agadas. In mutum ya ce sa yana da aibi, sai ya jawo shi da igiya a gaban jama'a, a duba haƙori, a duba kofato, a kira mai shi. Kai kana ce min ya riƙe san, an kuma ba shi kuɗinsa?"

"Haka dokarsu take. Mai saye shi ne da gaskiya."

"Ina sarkin kasuwar?"

"Babu. Sai dai a rubuta wa wata Silbi, ita ke amsawa."

Manzo ya tofar da yawu gefe. Ya ce a bar su da Allah, kuɗi ai ana samun wasu. Ƙasimu ya girgiza kai a kan matashi. An riga an kai shi asibitin Magariya an dawo da shi, kuma ya san abin da dawowar take nufi.

"Ba kuɗin ba ne, Baba. Kuɗin ko an ba ni yanzu, kunu kawai zai saya, shi ma ba ya zama. Rubutun nan ne. Sunana ne a wurin, da sunan mahaifina, da sunan garin nan. Duk wanda ya buɗe daga ko'ina a duniya, ɓarawo zai gani. Gobe in kun shimfiɗe ni, Liman zai tambayi jama'a shaidar da suka yi min. Ku ce ta alheri, can kuma ga wata shaidar a rataye. Ni dai a goge min shi kafin in tafi."

Wannan magana ce ta hana Manzo sukuni. Shi a saninsa, in an yi wa mutum ƙazafi, shaidu ake kaiwa, dattawa masu furfura waɗanda ba a ƙaryata su. Shi ya sa ya bi su gida-gida ya taro su gaban buta.

Hinda ta tura. Ta yi lakwal, makarantar boko, har aji shida, ita ke karanta musu faransancin. Dattawan ba su ko gama laluben takalmansu ba sai salular ta yi ƙara.

"Kun gani ko?" in ji Manzo, fuskarsa ta washe. "Mace mai mutunci. Ta ga manya, ba ta bar mu muna jira ba. Karanta, 'yar nan."

Hinda ta karanta a ranta tukuna, leɓenta na motsi. Sannan ta ce, "Ta ce ta gode da saƙonmu. Ta ce damuwarmu damuwarta ce."

"Madalla."

"Ta ce ba sa karɓar bidiyo. Ta ce mai shafin ne kaɗai zai iya ɗaukaka ƙara, kuma sai ya fara nuna fuskarsa an tabbatar shi ne."

Liman ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. "Yaushe ta saurare mu? Addu'ata kaɗai ta fi wannan tsawo."

Hinda ta sunkuyar da kai. "Allah gafarta Malam, ni dama na so in faɗa, na ga Baba ya riga ya sayi goro. Ba mutum ba ce. Inji ne aka sa wa sunan mace. Ko me ka rubuta, haka take farawa."

Mai Unguwa ya dubi rigarsa, ya dubi Manzo. "Kai yanzu ƙarfe ka tambaya ina yara?"

Ba wanda ya yi dariya. Manzo ya ji goron bakinsa ya zama kamar ƙasa. An cuce shi a duniya ba sau ɗaya ba, shi ma ba zai rantse bai taɓa shafa wa tsohuwar saniya mai ba. Amma duk wanda ya cuce shi yana da fuska, yana da ƙofar gida, yana da uwa da za a kai mata ƙara. Waɗannan kuwa sun ci la'adar yaron shekara da shekaru, ranar da yake neman wanda zai dube shi sai suka ajiye masa 'yar tsana mai cewa sannu.

Washegari da hantsi suka fito da Ƙasimu, don rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya shiga ɗaki, sai gindin itacen bedin ƙofar gida. Manzo ya ɗauko shi shi kaɗai, bai fi damin kara nauyi ba. Ya zauna a tabarma, ya jingina bayan yaron a ƙirjinsa. Hinda ta durƙusa gabansu riƙe da salula. Wata da'ira ta fito a gilashin.

"Malam, wai ka sa fuskarka a ciki. Yawwa. Wai ka juya hagu."

Ya juya a hankali.

"Dama. Wai ka ƙifta ido. Wai ka yi murmushi."

Ƙasimu ya ja busassun leɓɓansa, haƙoransa suka fito, manya-manya a fuskar da ba ta da sauran nama. Wata mai tallan fura da ke wucewa ta kau da kai. Da'irar ta juya, ta juya, ta koma ja.

"Wai fuskar ba ta yi daidai da ta katin ba."

Manzo ya san hoton katin shaidar da aka buɗe shafin da shi. Ƙasimu ne na shekarun baya, da kumatu kamar an hura, da wuya irin na mai cin tuwo sau biyu. Ya ce a kawo hular da ke cikin hoton. Aka kawo, ta zurma har gira, sai da aka cusa mata tsumma. Hinda ta shafa masa man gyaɗa a fuska. Manzo ya kama kansa yana tunanin dabarar da ake yi wa ramammen sa ranar kasuwa, a ɗura masa ruwan kanwa cikinsa ya tashi, har ya fara tunanin ko a cusa wa yaron auduga a kumatu. Ya ji ƙyamar kansa.

Aka sake. Hagu, dama, ƙifta ido, murmushi. Ja. Aka kuma sakewa, wannan karon Manzo ne ke juya masa kai da tafin hannu, don wuyan ya gaji. Ja.

Hinda ta daɗe tana kallon gilashin. "Wai an yi gwaji da yawa. Don kare lafiyar mai shafin, sun kulle. A sake gwadawa bayan wata guda."

Manzo ya ji bayan yaron na girgiza a ƙirjinsa, ya zaci tari ne ya taso masa. Ashe dariya yake.

"Baba, ka ji? Sun ce ba ni ba ne. To wa ke nan ya yi satar?" Ya numfasa. "Wata guda. Ku maida ni ciki, rana ta taso."

Ƙasimu bai sake tambayar salular ba. Ranar Laraba ya sa aka kira Manzo, ya nemi gafararsa a kan reshen bedin gidan Manzo da ya taɓa sarewa ba izini, Manzo ya ce masa ya daina shirme. Ya ce a ba Liman alƙalumansa. Ranar Alhamis, mata na dawowa daga rijiya, Manzo yana zaure yana ɗaure akuya sai ya ji salatin Hinda ta kan katanga. Ya saki igiyar.

Bayan azahar aka shimfiɗe shi a ƙofar gida, gindin bedin nan. Jama'a ta cika layi har bakin hanya, 'yan kabu-kabu sun kashe baburansu, akwai magidanta da yawa waɗanda allon saukarsu na rataye a ɗakunan iyayensu da zanen hannunsa. Liman ya juyo ya ce, "Jama'a, wace shaida kuka yi wa wannan bawan Allah?"

Aka amsa gaba ɗaya, "Ta alheri."

Muryar Manzo ta fi ta kowa, irin muryar da yake tsayar da ciniki da ita a tsakiyar kara, kasuwar shanu. "Ta alheri! Aikin hannunsa ya ci. Bai taɓa ɗaukar na wani ba, shi aka ɗauke wa!" Wasu baƙi suka waiwayo suna mamaki. Liman bai tsawata masa ba, ya dai jira ya gama, sannan ya ta da kabbara.

Bayan sadakar uku, da la'asar, Manzo na zaune a tsakar gidansa sai ya ji Hinda ta yi sallama ta kan katanga.

"Baba, saƙo ya shigo daga wurinsu."

Ya miƙe da sauri har gwiwarsa ta yi ƙara. Duk da abin da ya sani, sai da zuciyarsa ta ce ko wani mai rai ya duba. Ya leƙa. Tana tsaye cikin mayafin takaba, salular a hannunta.

"Sun goge?"

"A'a. Silbi ce. Wai an rufe ƙararmu tunda ba mu sake magana ba. Wai tana fata ta taimake mu. Wai mu zaɓa mata taurari, daga ɗaya zuwa biyar."

Manzo ya riƙe kan katangar, ƙasa na marmashewa a yatsunsa.

Hinda ba ta jira amsa ba. A bakin ƙofar ɗakin akwai wani allo da Ƙasimu ya fara bai gama ba, kusurwa biyu sun sha ja da kore, biyu farare, kusa da shi ga ɗan kurtun tawada, tawadar ta bushe ta tsage. Ta kifa salular a kan allon ta shige ɗaki. Hasken gilashin ya ɗan tsiyayo ta gefe, ya kwanta a kan zanen, sannan ya ɗauke.