Rigar Kujerar Babur

Sadiƙa tana durƙushe tana yanka baƙar leda da almakashi lokacin da Larai ta leƙo ɗakin ɗinki da kofin kunu a hannunta.

"Ƙawata, har yanzu ba ki ƙare ba? Ga malaman Sabon Birni can sun sauka mota."

"Saura kaɗan. Larai, kin tuna ma Malam Dalhatu na kanikanci zancen baburan?"

"Na hwaɗa mai jiya, na hwaɗa mai yau da sahe. Turo su za a yi da hannu, ba mai tada ko guda. Ungo, sha ki samu ƙarhi."

Sadiƙa ta karɓa ta sha.

A wannan cibiya ta koyar da sana'o'i da ke garin Isa, duk ƙarshen wata malamai sukan yi zaman ƙara wa juna sani. Na Sabon Birni su zo, ko na Isa su je. Malami ɗaya zai koyar da ɗalibansa, sauran su zauna a baya suna kallo: na walda, na kafinta, na wayarin, na kanikanci. In an gama sai a koma gindin dogon yaro kowa ya faɗi abin da ya gani. Zaman yana da doka guda. Wanda aka kalla ba ya mayar da magana, ba ya kare kansa. Duk abin da aka faɗa masa, amsarsa ita ce "na gode". An sa dokar ne tun ranar da malamin walda ya kusa kai wa na kafinta duka.

Yau Sadiƙa ce a gaba, kuma ba kallo ne irin na kullum ba. Malam Abbas, shugaban cibiyar, ya faɗa a fili cewa daga sama an ce malamar ɗinki ɗaya za a bari, su kuwa su biyu ne, ita da Larai. Abin da malamai suka gani shi zai kai sama. Ɗakin da take zaune da Innarta a bayan cibiya ma na malamai ne. In aikin ya tafi, ɗakin ya tafi.

Daga wani ƙauye kusa da Gatawa ta zo. Can take koyar da ɗinki, har ranar da ƴan bindiga suka shigo ana tsakiyar cin kasuwa, uku-uku a kan babur. Suka ɗora mijinta Illo a tsakiyarsu, suka shiga daji da shi. Ba a sake jin labarinsa ba. Tun daga ranar, in babura suka yi ƙara tare, ƙafafunta sai su ƙi ɗaukarta. Ba ta gaya wa kowa ba sai Larai, domin Larai ce ta ba ta zani da tabarma ranar da suka iso Isa, ita ce kuma ta raba kekunan ɗinki biyu ta ce ga naki ga nawa.

Tare suka tsara darasin yau, amma dabarar ta Sadiƙa ce. Ta lura masu kabu-kabu suna yawo da kujeru a yage, soso a waje. Ta ce me zai hana ƴan ajin ɗinki su koyi ɗinka rigar kujerar babur, ƴan ajin kanikanci su kawo baburan da suke koyon gyara a kansu a gwada? Sana'a biyu a darasi ɗaya. Ta yi makonni tana yanka kwalaye har ta fitar da samfurin da ke zama daidai. Abu ɗaya ta roƙa, a turo baburan a kashe.

Malamai suka shigo suka jeru a benci. Ɗalibanta suna gaban kekuna, yawancinsu ƴan gudun hijira ne daga ƙauyukan da aka tasa. Ta yi bisimilla ta fara. Da farko muryarta ƙasa-ƙasa take, amma da ta ɗora kwali a kan leda ta zagaye shi da alli, sai ta manta da mutanen baya. Ta nuna inda ake barin baki saboda roba, da yadda ake sassauta zare don kada leda ta tsage. Kekuna suka ɗauki sauti. Ta saci kallon Malam Abbas, ta ga yana gyaɗa kai.

"To, yanzu za a kawo muna baburan mu gwada," in ji ta. Larai ta tashi da sauri ta fita kiran su.

Daga bayan ɗakin walda ƙarar ta taso. Ba babur ɗaya ba, duka, lokaci guda, wasu ma ba salansa. Suka kewayo filin a guje. Malam Dalhatu ne a gaba, ɗalibansa a baya sun hau uku-uku suna murza totur suna ihu.

Sadiƙa ba ta san sanda almakashin ya faɗi ba. Ta ji wata murya tana kwarara ihu, "Illo, gudu! Illo, ga su nan!" Ba ta gane tata ba ce. Ɗalibai suka tarwatse. Wasu suka bi ta taga, wasu suka tattake juna a ƙofa, keke ɗaya ya kife. Ita kuwa ta rarrafa ƙarƙashin teburin yanka, ta rufe kai da hijabi, ta dunƙule.

Da aka kashe baburan, abin da ta fara ji shi ne dariyar wani malami da ya kasa riƙewa. Sai hannun Larai a kafaɗarta, da muryar Larai a sama yadda kowa zai ji.

"Ku yi haƙuri, malamai, ciwon nata na yat tashi. Taso, ƙawata. Wayyo, ku juya baya, zaninta ya jiƙe."

Ba wanda ya lura da zanin kafin ta faɗa.

An ba ta lokaci ta sauya kaya a bayan aji, sannan aka zauna gindin dogon yaro. Aka ajiye mata kujera a tsakiya kamar yadda aka saba. Malam Marwan na wayarin, wanda ya yi dariyar, shi ya fara.

"Ni dai na ga sabon salo. Malama ƙarƙashin tebur, ɗalibai bisa taga. Sabon Birni ba mu kai nan ba tukuna."

Wasu suka murmusa. Sadiƙa ta ce, "Na gode."

Malam Dalhatu ya gyara hularsa, ransa a ɓace. "Kada a ɗora mani laihi. Ni Malama Larai tac ce in shigo da su da rai, baƙi su ji injin da yarana sunka gyara. Abin da anka ce shi niy yi."

Sadiƙa ta ɗago kai. Ta dubi Larai. Larai tana gyara bakin gyalenta.

"Ranka shi daɗe, ai mun yi da ita..." in ji Sadiƙa.

Malam Abbas ya ɗaga hannu. "Malama, kin san dokar zama. Mi za ki ce ma Malam Dalhatu?"

Ta juya wajen Malam Dalhatu. "Na gode."

Da aka zo kan Larai sai ta share ido da gefen gyale.

"Wallahi da nauyi nika magana. Sadiƙa ƴar'uwata ta, ba ni da kamatta wurin ga. Darasin da munka tsara tare kun gani, ba shi da laihi. Amma na daɗe ina ɓoye abin ga don amana. Ko kabu-kabu ba ta hawa. Ran kasuwa ba ta hita ɗaki. Ta hwaɗa mani da bakinta, wani lokaci tana jin mijinta na kiranta cikin ƙarar keke. To, ɗiyan mutane na hannunmu, ga almakashi, ga allura. In wata ta karye bisa tagar can, mi za mu ce ma uwayenta? Ni za ni iya yin shiru, amma Allah na gani."

"Gaskiya ta," in ji wani daga baya. "Ta yi ƙoƙari da ta hwaɗi."

Kowa ya juyo yana jiran Sadiƙa. Ta dubi yatsun ƙafarta.

"Na gode."

Malam Abbas ya rufe zaman. Ya ce tunda aka fara wannan haɗuwa bai ga darasin da ya haɗa sana'a biyu da kyau irin wannan ba, kuma wata mai zuwa Malama Larai za ta koyar da shi a Sabon Birni. Malama Sadiƙa kuwa hutu take bukata, zai faɗa a sama. Ɗaki ba gaggawa, ta zauna har ƙarshen zango. Aka shafa fatiha, aka kawo tuwo.

Ba ta ci ba. Ta koma ɗakin ɗinki ta tayar da keken da ya kife. Takalman ɗalibai suna warwatse a ƙofa da gindin taga, ba wadda ta dawo ɗauka. Tana tattara su cikin buhu sai ga Larai.

"Kwalayen nan za ki ba ni, ƙawata. Na gwada hidda nawa, ba su zama."

Sadiƙa ta tsaya da takalmi a hannu. "Larai, mi niy yi miki?"

"Ba ki yi mani komi ba. Wuri guda na, mu biyu. Ke Inna kaɗai gare ki, ni ga ɗiya, ga ubansu kwance." Ta miƙa hannu. "Kwalin na cibiya na, kin sani."

Sadiƙa ta ɗauko su a kan tebur ta ba ta. Larai ta jera su, ta duba ba wanda ya ɓace, ta soke su a hamata.

"Na gode," in ji ta, ta fita.

Inna tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince gero a faifai. Kunnenta ya yi nauyi, ba ta ji komai ba.

"Kin dawo? Ƙaƙa darasin?"

Sadiƙa ta ajiye buhun takalman a bayan ƙofa, ta matso kusa da kunnenta.

"Sun yaba, Inna. Har Sabon Birni za a kai shi."

"Alhamdu lillahi! Ai na ce miki. Yarinyar nan Larai ta tsaya miki, Allah shi yi mata albarka." Ta dakata da tsintar, ta ɗago. "Ba ki ce amin ba."

Sadiƙa ta zauna ta jawo faifan gabanta.

"Amin, Inna."