Wankan Farko na Tsoho Tokuji

"Mama, wai Kaka ya fi kowa datti ne, shi ya sa kullum shi ke fara shiga wanka?"

Saura kaɗan Fumika ta ƙware da miyar da ke bakinta. Kotone, 'yarta mai shekara biyar, ta tsare ta da ido tana jiran amsa. Tsoho Tokuji, mahaifin mijinta, ya ajiye ƙoƙon giyar shinkafarsa ya kece da dariya.

"Ji ja'ira! Girma ne, ke. Babban gida shi ke jiƙa jikinsa a baho tun ruwan yana sabo, sannan ku ƙananan ƙwari ku biyo baya."

Fumika ba ta yi dariya ba. Tun da ƙanƙara ta rufe ƙauyen take neman kafar yin wannan magana. Ɗakin wankan yana can ƙarshen baranda, sanyinsa kamar cikin firji, ruwan bahon kuwa tsohon ba ya yarda da shi sai ya yi zafin da zai mai da fata jawur. Ma'aikaciyar lafiyar da ke auna masa hawan jini ta taɓa jan Fumika gefe ta ce mata, in tsoho ya tuɓe cikin sanyi ya faɗa ruwan zafi, jininsa kan hau ya sauka farat ɗaya. A nan ake suma, a nan ake nutsewa.

"Baba, da za ka bari ni da Kotone mu fara yau. Tururinmu ya ɗumama ɗakin, sai ka shiga."

"In shiga ragowar ruwan jikata? Tun ba a haifi mijinki ba nake wankan farko a gidan nan."

"To bari in kunna maka hita a wurin tuɓewa. Ga shi kuma ka ɗan sha..."

"Au, har an fara ƙirga mini ƙoƙo?" Ya miƙe, ya saɓa tawul a kafaɗa. "'Yar nan, kin iya miya. Mu tsaya a nan."

Mijinta yana can kan motar share ƙanƙara daga hanya, ba yanzu zai dawo ba. Fumika ta kwashe kwanuka tana wankewa, amma kunnenta na ƙarshen baranda. Ta ji an ja ƙofa. Ta ji ruwa ya tumbatsa ya zuba ƙasa, tsohon ya saki doguwar ajiyar zuciya, sannan ya ɗauko waƙarsa ta dashen shinkafa da yake rerawa kullum. Ta rage famfo don ta riƙa jinsa.

Waƙar ta yanke a tsakiyar baiti.

Ta kashe famfon. Ƙila kansa yake cuɗawa. Ta jira ta ji motsin ruwa, ba ta ji ba. Ko hannu ba ta goge ba ta nufi barandar, sanyin katako na cizon tafin ƙafarta.

"Baba? Ruwan ya yi daidai?"

Shiru.

"Baba!"

Hannunta na kan ƙofar, ya ƙi ja. Matar ɗa ta buɗe wa suruki ƙofa yana tsirara? In gyangyaɗi kawai yake, da wane ido za ta dube shi gobe? Kotone ta kamo gefen rigarta.

"Ɗauko mini waya. Da gudu!" in ji Fumika.

Ta ja ƙofar. Tururi ya buge ta. Kan tsohon ya sunkuya, bakinsa ya riga ya shige ruwa, hancinsa na taɓawa. Ta cusa hannuwa ƙarƙashin hammatarsa ta ɗaga, jikin ya sulluɓe, nauyinsa ya kusa janyo ta ciki. Ba za ta iya ba. Sai ta tallabe haɓarsa da hannu ɗaya, ɗayan ta nutsa shi har kafaɗa tana lalube, ruwan na gasa mata fata, har ta kamo sarƙar matoshin bahon ta fizge.

Ruwan ya fara tafiya, a hankali kamar da gangan. Ya sauka wuya. Ya sauka ƙirji.

"Baba, Fumika ce. Ka ji ni? Baba!"

Kotone ta miƙo wayar tana kuka. Fumika ta maƙale ta a kafaɗa ta kira motar asibiti, tana faɗin sunan ƙauye da na gida, hannunta bai bar haɓar ba.

Ƙirjin tsohon ya motsa. Ya sarƙe, ya yi tari mai ƙarfi, ruwa ya fito ta baki da hanci. Idonsa ya buɗe da ƙyar, ya dubi bahon.

"Wa ya... zubar mini da ruwa?"

Fumika ta lulluɓe shi da tawul, ta zube a ƙasa jiƙe sharkaf. Ba ta saki hannunsa ba sai da masu motar asibitin suka ɗora shi a gadon ɗaukar marasa lafiya.

Mai karatu, in da tsoho a gidanku, ɗumama masa wurin wanka kafin ya tuɓe, a rage zafin ruwan, kada kuma ya shiga bayan ya sha giya. In ya shiga, kasa kunne. Ka kira bai amsa ba, buɗe ƙofar nan take, kada ka tsaya jin kunya.