Alayyahun da ya shanye rubutun Nuriyya

Bayoloji ne ya kayar da Nuriyya bara, shi ya hana ta shiga makarantar koyon jinya. Bana kuma babanta ya gaya mata a fili: in ta sake faɗuwa, shi ke nan. Wurin da take tuntuɓe kuwa bai sauya ba, wato yadda ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye. Ta haddace, ta manta, ta sake haddacewa.

Malaminsu ya ce kowa ya tsoma tsiro a ruwan tawada ya gani da idonsa. Nuriyya ta ɗiba daga kurtun kakanta, Malam Gwadabe, ta dama a kofi, ta fita bayan gida cirar alayyahu.

A ranar kuma Malam Gwadabe ya yi mata rubutun sha. Ya daɗe da ajiye alƙalami, don hannu na rawa, ido kuma ya yi rauni. Mutanen garinsu Toranke ma sun gaji da roƙonsa ya yi musu rubutu. Amma saboda ita ya zauna tun hantsi har azahar. Gwaggo Barira ta wanke allon a wani kofi, ta ajiye kusa da na tawadar, ta ƙwala mata kira ta zo ta sha.

Kofi biyu, ruwa baƙi biyu. Nuriyya ta yi bisimilla ta shanye ɗaya, ta tsoma alayyahu a ɗayan.

Washegari da ta yanka karan ta ga ɗige-ɗige baƙaƙe a jere. Tana cikin murna Gwaggo ta leƙo.

"Ke! Kofin nan mai tsagaggen baki ai shi ne na rubutun."

Wato dai Nuriyya ta sha tawada zalla da kyakkyawar niyya. Tausayin tsohon ya kama ta, ta ji kamar ta yi kuka. Ta ɗauki kofin ta tafi zaure.

"Amarya, kin sha?" in ji Malam.

"Malam, alayyahu ne ya sha."

"Da wane bakin?"

"Da saiwa. Tana da ƙananan gasusuka masu tsotsar ruwa, su miƙa wa jijiyoyin zailam, su kuma su haura da shi ta cikin kara."

"Wa ke tura shi sama?"

"Ganye ke ja. Ruwan yana fita ta ƙofofinsa ya bi iska, na ƙasa ya biyo baya. Abincin da ganye ya haɗa kuma jijiyoyin fulowam ke rarraba shi."

"To yanzu wahalata tana ina?"

"Rabi a kara, rabi a iska."

Malam ya lalubi hannunta, ya shafa, ya ji babu littafi.

"Duk wannan da ka kika kawo shi?"

Sai a lokacin Nuriyya ta lura.

"Ashe ya shiga," in ji Malam. "Alayyahun kuma a sa mini a miya, kada a yi asara."