Gadon Zoraida a Barandar Asibiti

Sau uku nas ɗin tana kiran "Malam Eusebio Cantillo," Zoraida ko gezau. Tana zaune kan benci, ƙafafunta sun kumbura kamar turmi, tana fifita da katin asibiti.

Na zungure ta, na ce ta tashi mana, ai suna ba ya kisa, ciwo ke kisa.

"Otilia, wanda suke nema ba ya nan," in ji ta. "In sun gaji za su kira ni."

Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakanina da ita a unguwarmu da ke birnin Barranquilla. Namiji aka rubuta a takardar haihuwarta, amma ni a mace na san ta. Tela ce, ita ta ɗinka wa 'yata rigar aure. Tun tana budurwa wata mata ta yi mata allurar wani mai a ƙugu don ya cika kamar na mata, a bayan shagon gyaran gashi, domin a lokacin ba likitan da ke sauraron irinsu. Man nan ya yi ta gangarowa shekara da shekaru har ya ruɓar mata da ƙafa.

Tun hantsi muke zaune har la'asar. Sai da layi ya ƙare wata likita ta leƙo, ta dubi takarda, ta dube mu, ta tambayi yadda ake kiranta. Sannan Zoraida ta dafa kafaɗata ta miƙe.

Aka ce ciwon ya shiga jini, ƙoda ma ta taɓu, sai an kwantar da ita. Suka nufi ɗakin maza da ita, ta riƙe ƙofa ta ce ba inda za ta. Shugabar nas-nas kuma ta ce doka ba ta yarda da ɗakin mata ba. A ƙarshe aka turo gado baranda, tsakanin ɗakunan biyu, inda kowa ke wucewa.

Na yi kuka ranar. Ita kuwa cewa ta yi in kawo mata jan-baki da madubi. Wani mai jinya ya wuce yana cewa yau ga ɗan daudu a titi. Ta ce masa ita ta san abin da ya kawo ta, shi ya je a duba masa baki.

Rana ta huɗu 'yan matan da ta rena suka zo da farfesun kifi, irinta ne duka, wasu ko ashirin ba su kai ba. Ta yaye zanen gado ta nuna musu ƙafar. Ƙaramarsu, Yuliza, ta kau da kai.

"Juyo ki gani, 'yar nan. Duk wadda ta bari aka soka mata wannan abin, kada ta zo jana'izata. Nan za ku riƙa zuwa, ku zaune musu a benci har su koyi sunayenku."

Da safiyar rana ta shida ta cika, ina cikin taje mata kai.

Yayanta Wilfrido ya iso da baƙar kwat a leda, ya ce a aske gashin, a sa wa ƙanensa kayan maza. Na tambaye shi shekara nawa rabonsa da gidanta. Mu goma sha ɗaya muka tsaya a ƙofar ɗakin gawa, har da matar mahaucin unguwarmu da ba ta taɓa shiri da ita ba. Koriyar riga muka sa mata. Wilfrido ya daɗe a tsaye da ledarsa, daga baya ya ajiye ta ya kama gaban akwatin gawar.

Da muka dawo daga maƙabarta hadari ya haɗu. Na leƙa ta katanga, sai ga shanyarta har yanzu a kan igiya, ta bushe ƙayau. Na zagaya na shiga, na sauke kayan ɗaya bayan ɗaya, ina ninkewa.